Yadda Ake Daidaita Gishiri, Ma'adinai da Abincin Dokin da Ke Kiwo a Fili

Dokin da ake saki a makiyaya, ko ake yi wa talala a saura da fadama, shi ke zaɓar mafi yawan abin da ke shiga cikinsa. Abin da ya rage wa mai shi shi ne ya gano inda ciyawar ta gaza a kowane lokaci na shekara, ya cike gurbin daidai gwargwado. Sau da yawa ɓarnar ma daga wajen cikon take fitowa: doki ya rame da rani, a tula masa dusa da dawa, jiki ya murmure, ƙashi kuma na zagwanyewa ba a sani ba. Don haka a bi matakan nan bi da bi. Hatsi shi ne na ƙarshe.

Mataki na farko: san nauyin dokinka

Duk lissafin da zai biyo baya a kan nauyi ya rataya, kuma ido na yaudara. Tef ɗin tela santimita 150 ne, ba zai zagaye babban doki ba, saboda haka ka yi awon da igiya marar talewa, sannan ka auna igiyar. Awo na farko shi ne zagayen ƙirji, daga bayan ƙafafun gaba inda majayi ke ratsawa, a bi ta kan kafaɗa, a lokacin da dokin ya saki numfashi. Na biyu shi ne tsawon jiki, daga tsinin kafaɗa ta gaba zuwa tsinin ɗuwawu. Sai ka buga: zagaye sau zagaye sau tsawo, a raba da 11,880. Doki mai zagaye santimita 165 da tsawo santimita 150 zai ba ka kusan kilo 344. Wannan lissafi na baligin doki ne, ba ya aiki a kan dukushi ko goɗiya mai tsohon ciki. A nan gaba za mu riƙa misali da doki mai kilo 350.

Doki na cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato kilo 7 ga namu. Ɗanyar ciyawa kuwa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, don haka kilo 7 busasshe ya kai kusan kilo 28 na ɗanya. Dokin da aka bar wa ransa yakan yi awa 14 zuwa 16 kansa na ƙasa. Wanda ake kai wa talala na awa uku da hantsi a mayar da shi turke bai yi kiwo ba, ya dai taɓa baki, sauran kuma sai an yanko an kawo masa.

Bayan awo sai hannu. Ka shafa haƙarƙarinsa. Idan ba ka ganin su da ido amma kana jin su da ɗan dannawa, jikin ya yi daidai. Idan ana ƙirga su daga nesa, ya rame. Idan sai ka danna da ƙarfi, ko kitse ya taru a wuya da gindin wutsiya, ya yi ƙiba, kuma ƙiba a doki hanyar ciwon kofato ce. Kafin ka ɗora laifin rama a kan abinci, a duba abu uku: tsutsar ciki, kaska da cututtukan jini da take kawowa, da haƙora. Dokin da ke zubar da dunƙulen ciyawar da ya tauna rabi, ko ake ganin ƙwayar hatsi ɗungurungum a kashinsa, turamen haƙoransa sun yi kaifi, kuma likita zai goge su. Babu ma'adinin da zai gyara wannan.

Mataki na biyu: karanta ciyawar, ba sau ɗaya ba

Fili ɗaya ne, amma abinci uku yake bayarwa a shekara. Daga faɗuwar damina zuwa tsakiyarta, gamba, kyasuwa, harkiya, gude-gude da kiri-kiri na da taushi, furotin ɗinsu kan kai kashi 8 zuwa 12 cikin 100, kuma koren ganye na ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, ga bitamin E. Baligin doki marar aiki mai nauyi ba ya bukatar komai a wannan lokaci sai gishiri da ruwa. Da ciyawa ta fid da kai ta yi 'ya'ya, kara ya yi yawa, amfanin ya fara sauka. Daga hunturu zuwa bazara, busasshiyar ciyawar da ke tsaye a fili furotin ɗinta kan faɗi zuwa kashi 2 zuwa 4, fosfaras ya yi ƙasa, bitamin A kuma babu shi.

Ga abin da hakan ke nufi. Dokinmu na bukatar furotin kusan gram 440 a rana. Kilo 7 na ciyawa mai kashi 3 cikin 100 gram 210 kawai zai ba shi, bai kai rabi ba. In aka cire kilo 2 aka sa harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye a madadinsu, jimlar ta haura kusan gram 400. Shi ya sa harawa ita ce maganin farko na rani, tun kafin a yi zancen hatsi. Amfanin harawa a ganye yake. Damin da ya kakkaɓe ya bar kara zalla asarar kuɗi ne, wanda kuma ruwa ya doka ya yi baƙi yana warin ruma a bar shi ko da kyauta ne. Ingirici ma a yanka shi tun ciyawa ba ta gama 'ya'ya ba, a busar da shi da sauri, a adana a inuwa sama da ƙasa. Wanda ya riƙe ɗan korensa ya fi wanda rana ta mayar fari nesa ba kusa ba.

Hanta na ajiye bitamin A na 'yan watanni, amma ranin Arewa ya fi ajiyar tsawo. Dundumi, hawaye da bushewar gashi a ƙarshen rani na iya zama alamar ta ƙare. Ɗan kiwo a fadama ko dami ɗaya na ɗanyar ciyawa a kai a kai ya wadatar.

Wanda ke da dawakai da yawa, ko yake kiwon goɗiyoyi don haihuwa, ya kai samfurin ciyawarsa da harawarsa awo. Cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika kusa da Zariya, da sassan kimiyyar dabbobi na jami'o'i, su ne wurin tambaya. A tsinko daga wurare goma zuwa ashirin na filin, a daidai tsayin da doki ke yaga, ba tare da saiwa ko ƙasa ba, a haɗa a busar a inuwa. A nemi a auna furotin, kalsiyam, fosfaras, tagulla, zinki da ƙarfe.

Mataki na uku: ruwa, gishiri, da gaskiyar kanwa

Doki mai kilo 350 yana shan lita 18 zuwa 25 a rana cikin sanyi ba aiki. Da bazara, ko bayan sukuwa, ko goɗiya mai shayarwa, abin kan ninka. Shayarwa sau ɗaya a rana ga dokin da ke cin busasshiyar ciyawa ita ce hanya mafi sauƙi ta toshewar hanji. In ruwan ba zai zauna a gabansa ba, to aƙalla sau uku.

Ciyawa na da potasiyam da yawa, amma sodiyam kusan kullum ba ya isa. Bukatar dokinmu gram 7 ne na sodiyam, wato gishiri kusan gram 18, cokalin cin abinci guda a shafe. Wannan na ranar hutu ne. Gumin doki ya fi na mutum gishiri, kuma a aiki mai tsanani cikin zafi doki kan zubar da lita 10 ko fiye a awa. A makonnin kilisa da hawan Sallah a kai cokali uku zuwa huɗu, a raba cikin abinci sau biyu, ruwa kuma na gabansa. Kada a taɓa ɗura wa doki mai ƙishi gishiri. Kantun gishiri yana da kyau a rataye a inuwa, sai dai harshen doki ba shi da kaushin na saniya, da yawansu ba sa lasar abin da ya ishe su. A ajiye garin gishiri a wani kwano daban, a riƙa lura da yadda yake raguwa. Dokin da ke lasar bango, cin ƙasa ko tauna turke, gishiri za a fara gwada masa, sannan a duba ko ciyawar ce ba ta ishe shi ba.

Kanwa fa? Tana da sodiyam, amma ba ta da kulorayid mai yawa, wato abokin haɗin sodiyam a cikin gishiri, shi kuwa kulorayid shi ne abin da doki ya fi zubarwa a gumi. Ba ta da kalsiyam ko fosfaras da za a dogara da su, kuma ƙarfinta ya bambanta daga wannan buhu zuwa wancan. Wanda ya saba ba da 'yar kaɗan a ruwa ko a ƙasari ba za a ce ya daina ba, amma kada ya ɗauka ta maye gurbin gishiri, kuma a ajiye ruwa zalla a gefe, don akwai dokin da gara ya zauna da ƙishi da ya sha ruwan da ya yi masa bauri.

Mataki na huɗu: kalsiyam da fosfaras, inda aka fi yin ɓarna

Bisa jadawalin Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka na 2007, baligin doki mai kilo 350 yana bukatar kalsiyam gram 14 da fosfaras kusan gram 10 a rana. Amma cika adadin kaɗai bai isa ba. Dole kalsiyam ya fi fosfaras yawa a jimlar abincin, da kyau ya ninka shi sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan fosfaras ya rinjaya, yana hana hanji tsotsar kalsiyam, jini kuma ba ya yarda kalsiyam ɗinsa ya sauka, sai jiki ya shiga kwasowa daga ƙashi. Wurin da aka kwashe sai wata tsoka mai tauri ta cike shi, ƙasusuwan fuska su kumbura tsakanin ido da hanci, muƙamuƙi ya yi kauri, haƙora su yi girgiɗi. Tun kafin fuska ta nuna, doki zai fara ɗingishin da ke yawo, yau ƙafar gaba gobe ta baya, taku ya gajarta, ya ƙi sukuwa. A nan ne ake ɓata lokaci da lalas da shafe-shafe, alhali ciwon a cikin komi yake.

Ga kimanin abin da ke cikin kilo guda na kowane abinci, kalsiyam sannan fosfaras:

Busasshiyar ciyawar rani: gram 3, gram 1.
Harawar wake ko gyaɗa: gram 12, gram 2.
Dawa, gero ko masara: ƙasa da rabin gram, gram 3.
Dusar alkama: gram 1 da ɗoriya, gram 11.

Dusar shinkafa ta ma fi ta alkama fosfaras. Yanzu a ɗauki dokin da ake ba ciyawa kilo 4, dusar alkama kilo 2 da dawa kilo 1. Kalsiyam gram 15, fosfaras gram 29. Adadin kalsiyam ya cika a takarda, amma fosfaras ya kusa ninka shi, kuma wata da watanni a haka sun isa su lalata ƙashi. A sake tsarin: ciyawa kilo 4 da rabi, harawa kilo 1 da rabi, dusa kilo 1. Kalsiyam ya koma gram 33, fosfaras gram 18 da rabi. Nauyin abincin bai canja ba, ma'aunin ya daidaita. Dusa ba abar ƙi ba ce. A ƙasar da ciyawarta ke da ƙarancin fosfaras, ɗan kaɗan ɗinta na cike gurbi, muddin harawa na tafiya tare da ita.

Idan harawa ta yi tsada ko ta yanke a ƙarshen rani, a je wurin masu sayar da kayan haɗa abincin kaji a sayi garin farin dutsen da suke kira laimston. Kusan kashi 38 cikin 100 nasa kalsiyam ne. Ga kowane kilo na dusar alkama a zuba gram 40, ga kowane kilo na hatsi gram 12. A yayyafa wa dusar ruwa don garin ya manne, in ba haka ba zai zauna a gindin komi doki ya bar shi. A kula ƙwarai: na abincin dabbobi ake nufi. Farar ƙasar gini da aka ƙona tana ƙone baki da maƙogwaro. Inda ba a ba da dusa sam, ciyawa da harawa kaɗai, fosfaras ne zai iya gazawa, sai a nemi garin ma'adinin da ake kira DCP a wurin masu kayan kajin, wanda ke da duka biyun, kalsiyam kusan kashi 23 da fosfaras kashi 18.

Akwai wata hanya ta biyu da wannan ciwo ke shigowa ko babu dusa. Wasu ciyayin da ake shukawa don shanu, irin su ciyawar Gini, Setariya, bafel da Barakiyariya, suna da sinadarin okzalet da ke ɗaure kalsiyam. Tumbin saniya na warware shi, cikin doki ba ya iyawa, sai kalsiyam ya wuce ya fita a kashi ko da awo ya nuna akwai shi. Masu dawakai a jihar Kwinslan ta Ostireliya sun daɗe da sanin wannan, kuma abin da ake ba doki a can shi ne kilo guda a mako na haɗin laimston kashi ɗaya da DCP kashi biyu, a cuɗa da maɗin rake. Wanda zai shuka wa dawakai fili ya zaɓi ciyawar Rodas, ya haɗa da dangin wake.

Mataki na biyar: ƙananan ma'adinai

Waɗannan da miligiram ake auna su. Dokinmu na bukatar tagulla miligiram 70, zinki 280, aidin kusan 2 da rabi, seleniyam ƙasa da 1. Zinki ya ninka tagulla sau uku zuwa huɗu, domin idan ɗaya ya yi yawa yana danne ɗayan. Ƙarancinsu ba ya ihu: akawal ya koma ja-ja, kofato na ɓantarewa, rauni na jinkirin warkewa, dukushi ya taso da kumburarrun gaɓoɓi. Rana ma na koɗar da gashi, saboda haka launi kaɗai ba hujja ba ce.

Ƙarfe ba ya cikin abin da za a saya. Ciyawar jar ƙasa da ƙurar da ke kanta sun ba doki fiye da bukatarsa, jikinsa kuma ba shi da hanyar fitar da rarar. Dokin da dasashinsa ya yi fari, kaska ko tsutsa ko sammore za a nema, ba maganin ƙarin jini ba.

Hanya mafi aminci ita ce haɗin ma'adinai guda ɗaya da aka yi don dawakai, a auna shi bisa nauyi kamar yadda takardarsa ta ce, a zuba cikin ɗan jiƙaƙƙen abinci kullum. Guda ɗaya. Haɗa gari da ruwan kwalba da allura, kowanne da seleniyam a ciki, shi ke kai doki ga guba, kuma tazarar da ke tsakanin isa da wuce gona da iri a seleniyam ƙanƙanuwa ce. Alamar yawansa ita ce zubar geza da gashin wutsiya, da tsagewar kofato a kwance. A watan Afrilun 2009, dawakan folo 21 na wata ƙungiyar Benezuwela sun mutu cikin sa'o'i a Wellington ta jihar Fulorida bayan allurar bitamin da aka zuba wa seleniyam fiye da kima. Aidin ma haka: rashinsa da yawansa duk suna sa goɗiya ta haifi ɗa mai maƙoƙo. Gishirin leda mai aidin na taimakawa amma ba ya cika bukatar shi kaɗai.

Daga shagon kayan kaji, laimston da DCP kawai za ka ɗauko. Haɗaɗɗen abincin kajin nama da firimiks ɗinsu, wato garin bitamin da ma'adinai da ake zuba musu, da wasu abincin shanu, na iya ƙunsar magungunan monensin, salinomaisin ko lasalosid, waɗanda ke lalata zuciyar doki. Monensin kusan gram 1 na iya kashe doki irin namu. Ko buhun da ya taɓa ɗaukar su kada a zuba masa abinci a ciki. Dutsen lasa na tumaki ba shi da tagullar da ta isa, mai yuriya kuma na shanu ne.

Mataki na shida: hatsi, in har ana bukata

Sai ciyawa da harawa sun wadata, an kawar da tsutsa, doki kuma bai riƙe jiki ba ko aikinsa ya ƙaru, sannan a kawo hatsi. Cikin doki ƙarami ne, kuma ba ya amai. Hatsin da ya fi ƙarfin ƙaramin hanji yana wucewa babban hanji ya yi tsami, daga nan sai ciwon ciki ko kumburin cikin kofato. Kada ci ɗaya ya wuce kilo 1 da rabi ga doki mai kilo 350. Kilo 1 ya fi. A ɓarza dawa da masara ko a jiƙa su, a ba da ciyawa tukuna. Mudu da tiya sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, dusa kuma ba ta kai hatsi nauyi ba, don haka ka ɗora kwanonka a sikeli sau ɗaya da kowane irin abinci, ka yi masa alama. Masarar da ta yi ruma na lalata ƙwaƙwalwar doki, tunkuzar gyaɗa mai ruma kuma hanta take ci. Waken suya sai an soya.

Duk wani canji a yi shi cikin kwana 7 zuwa 14. Wannan ya haɗa da shiri don Sallah, inda ake son doki ya cika cikin mako biyu, da kuma ruwan farko na damina: dokin da ya yi wata shida a kan busasshe a fara masa da rabin awa a kan sabon tsiro bayan ya ci ingirici, a riƙa ƙarawa kullum. A nisanta shi da gonar dawa, musamman toho da gyauro da wadda fari ya dakushe, saboda gubar da ke cikin ɗanyen ganyenta.

Goɗiya a wata ukun ƙarshe na ciki da watannin farko na shayarwa lissafinta daban ne. A watan farko bayan haihuwa bukatarta ta kalsiyam ta haura gram 40, fosfaras kusan 27, kusan ninki uku, kuma ciyawar rani ba za ta taɓa kai wannan ba. Harawa kilo 3, dusa da laimston ɗinta, da haɗin ma'adinai mai tagulla, domin ɗan tayi a ƙarshen ciki yake tara tagullar da zai yi amfani da ita a watannin farko. In da hali, a tsara barbara yadda haihuwa za ta faɗo a farkon damina. Cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne.

Bibiya

A maimaita awon igiya da shafar haƙarƙari duk mako biyu, a rubuta. Gashi na nuna canji cikin wata biyu zuwa uku. Kofato kuwa ƙasa da santimita guda yake tsirowa a wata, sai ya kusa shekara kafin sabo ya kai ƙasa, saboda haka a riƙa duban abin da ke fitowa daga sama kusa da gashi.

A ƙasa mai rairayi, kamar arewacin Katsina, Jigawa, Yobe da yankin Damagaram, dokin da ke tsintar gajeriyar ciyawa ko cin dusa a ƙasa yana haɗiyar yashi da ke taruwa a hanji. A ɗebi dunƙulen kashi biyar ko shida daga saman tarin, wanda bai taɓa ƙasa ba, a dama da ruwa a farar leda, a rataye na kwatan awa. In yashi ya kwanta a gindin ledar fiye da ƙaramin cokali, a daina zuba abinci a ƙasa, a ɗauke shi daga filin da ya gwaiguye, a ƙara ingirici. Dokin da ya ƙi ci, yana waiwayar cikinsa, yana tonon ƙasa ko birgima, ko ya tsaya ya miƙa ƙafafun gaba kofatonsa da zafi, a kwashe hatsin gabansa nan take, a bar masa ruwa, a kira likitan dabbobi.